Mene ne sirrin 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta. Duk sanda lissafina ya haura 2,147,483,647 sai ya birkice, ya koma ƙasa da sifili. Wani abokina kuma ya ce wai masana lissafi sun san wannan lamba tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Gaskiya ne? Kuma in aka ba masani babbar lamba irin wannan, ta yaya yake gane irinta da ajin da za a sa ta?

Amsa: Abokinka ya faɗi gaskiya. Lambar nan sau biyu ta yi suna, a hannun mutane iri biyu da kusan shekara ɗari biyu ke tsakaninsu, kuma dalilin kowane ɓangare daban ne, ko da yake tushen ɗaya ne. Ka jera biyu guda 31 ka ninka su, 2 × 2 × 2 har ƙarshe, za ka sami 2,147,483,648. Ka ɗebe ɗaya, ga lambarka. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1, kuma duk abin da zan faɗa daga nan ya fito.

Bari in fara da sashe na biyu na tambayar, don shi ya fi amfani. In aka ajiye mini lamba mai alƙaluma goma, ba girmanta nake fara dubawa ba. Biliyan biyu da 'yan kai abu ne babba a wurin mai ƙirga kuɗi, amma a fagen lissafi ƙaramar lamba ce ƙwarai. Abin da nake nema shi ne da me aka gina ta, wato waɗanne lambobi ne ke raba ta ba saura. Kusan kowane aji da za a sa lamba a ciki daga wannan amsar yake fitowa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko minti ɗaya. Ta ƙare da 7, ke nan mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Ka tara alƙalumanta, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, ka sami 46. Tunda 3 ba ta raba 46, ba za ta raba uwar lambar ba, balle 9. Gwajin 11 kuwa, ka fara daga dama kana ɗebewa kana tarawa bi da bi: 7−4+6−3+8−4+7−4+1−2, ya ba da 12. Ka raba 12 da 11, saura 1. Ita ma 46 in an raba ta da 9 saura 1 ne. Ka riƙe wannan saura ɗayan, zai yi mana amfani can gaba.

A nan ne wasu kan tsaya su yi ta lissafo ajujuwa: ko lamba tana karantuwa iri ɗaya ta gaba da ta baya, ko jimlar alƙalumanta tana raba ta, da makamantansu. A matsayin wasa ba laifi, amma ni ban cika ba su nauyi ba, domin halaye ne na yadda muke rubuta lamba da alƙaluma goma, ba na lambar kanta ba. Ka sauya tsarin rubutun, sai halin ya ɓace. Wannan tamu ma shaida ce. A rubutunmu na goma-goma ba ta da wani fasali, amma a rubutun biyu-biyu na kwamfuta, wanda ba shi da komai sai sifili da ɗaya, ɗaya ce guda 31 a jere ba sifili ko guda. Rabuwa kuwa ba ruwanta da rubutu. Lambar da 7 ke rabawa, 7 na raba ta ko da wane tsari ka rubuta ta.

Ajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na lambobi gagara-raba, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka har ba iyaka. Duk lambar da ta wuce 1, ko dai gagara-raba ce, ko kuma an ninka gagara-raba ne aka same ta, kuma hanya ɗaya tak ake harhaɗa ta. 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, babu wata hanyar. To, 2,147,483,647 gagara-raba ce, kuma ita ce ta 105,097,565 in ka jero su daga 2. A unguwar biliyan biyu, kusan ɗaya cikin kowace lamba 21 ko 22 gagara-raba ce, saboda haka wannan kaɗai bai isa ya sa ta zama abin kallo ba. Abin da ya ɗaga ta shi ne yadda aka tabbatar da hakan da hannu.

Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba. In lamba ta rabu zuwa a × b, ɗaya daga cikin biyun ba za ta wuce saiwarta ba, wato lambar da in an ninka ta da kanta za a sami uwar lambar. 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, bai kai ba. 46,341 × 46,341 ya ba da 2,147,488,281, ya wuce. Ke nan in aka kai 46,340 ba a sami mai raba ta ba, magana ta ƙare. Kuma gagara-raba kaɗai za a gwada, su 4,792 ne a ƙarƙashin wannan iyaka. Wayarka za ta gama kafin ka ƙifta ido. Amma mutum da alƙalami da takarda, ya raba lamba mai alƙaluma goma sau 4,792 ba tare da kuskure ko ɗaya ba, wannan aiki ne da zai karya gwiwar kowa.

Shi ya sa aka daɗe ana hasashe a kanta. Masu bin lambobi irin 2^p − 1, inda p ke nufin yawan biyun da aka ninka, sun san cewa in p kanta tana rabuwa, to ita ma lambar dole ta rabu: 2^6 − 1 ita ce 63, wadda 3 da 7 ke rabawa, wato 2^2 − 1 da 2^3 − 1. In p gagara-raba ce kuwa, da farko abin yana tafiya sumul: 2, 3, 5, 7 suna ba da 3, 7, 31, 127, dukkansu gagara-raba. Sai 11 ta ɓata tsarin, don 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 × 89. A 1588 Pietro Cataldi na Bologna a Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287, wato na 17 da na 19, ta hanyar rabawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya ƙara da cewa na 23, 29, 31 da 37 su ma gagara-raba ne, ba tare da ya gwada ba. Cikin huɗun nan uku kuskure ne. Na 23, misali, 47 × 178,481 ce. Na 31 kaɗai ya dace, kuma dacewa ce kawai. A 1644 Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa wanda sunansa ya bi wannan jinsin lambobi har yau, ya fitar da nasa jerin, ya sa 31 a ciki. Shi ma ba hujja ya kawo ba, kuma jerin nasa yana da kurakurai: ya sa 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya tsallake 61, 89 da 107.

Wanda ya fara rage aikin shi ne Pierre de Fermat. A 1640 ya gano cewa in p gagara-raba ce kuma mara, duk gagara-rabar da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p an ƙara ɗaya. Gwada da 2,047: ninkin 22 a ƙara ɗaya. 23 ita ce 22 + 1, 89 kuma 88 + 1. Haka ne kuwa. A lambarmu ke nan sai ninkin 62 da ɗaya: 63, 125, 187, 249, 311, haka. Leonhard Euler, ɗan Basel da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, ya ƙara sharaɗi na biyu: mai rabawar, in an raba ta da 8, dole saura ya zama 1 ko 7. Ka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ka ga hanya biyu kaɗai ta rage, ko ninkin 248 da 1, ko ninkin 248 da 63. A ƙarƙashin 46,340 irin waɗannan ba su kai 400 ba, kuma mafi yawansu ba gagara-raba ba ne, ba sai an gwada su ba. 63 ta fita, 249 ta fita don 3 × 83 ce, ta farko da za a gwada ita ce 311, sai a tsallaka har 1,303. Euler ya bi su ya ga ba wadda ta raba ta, ya sanar da haka a 1772 cikin wasiƙar da ya rubuta wa ɗaya daga cikin masanan gidan Bernoulli. A lokacin yana da shekara 65, kuma ganinsa ya kusan tafiya gaba ɗaya. A ganina darasin lissafin yana cikin ragewar nan daga dubbai zuwa 'yan kaɗan. Rabawar kanta kowane ɗalibi mai haƙuri zai iya.

Da haka ta zama ta takwas a jerin gagara-raba na Mersenne. Tana kuma cikin wani ƙaramin aji a cikin ajin, domin 31 ɗin da ke samanta ita ma 2^5 − 1 ce. Irin waɗannan masu hawa biyu guda huɗu kaɗai aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39, wadda Édouard Lucas ya tabbatar a 1876.

Yanzu dubi maƙwabtanta na kusa, don a nan za ka ga yadda girma ba ya gaya maka komai. Ta ƙasa da ita, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Ga dalilin saura ɗayan nan da muka yi ta samu: 9 da 11 suna raba ta ƙasan, saboda haka dole su bar 1 a tamu. Wannan maƙwabciyar tana da masu raba ta 192. Ta sama, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai biyu, masu raba ta 32. Tamu a tsakiya tana da biyu kacal. Lambobi uku a jere, bambancinsu ɗaya-ɗaya, amma gininsu ba abin da ya haɗa shi.

Akwai wani tsohon rabo da Nicomachus, wani masanin lissafi Bagirke, ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta wuce ta, mai rara ce, kamar 12, da 1+2+3+4+6 ke ba da 16. In ba ta kai ba, mai giɓi ce. In ta zo daidai, kamila ce, kamar 6 da 28. Tamu mai giɓi ce iyakar giɓi, jimlarta 1 ce kawai, kamar kowace gagara-raba. Ta ƙasan mai rara ce, kuma ba sai ka tara 191 ba kafin ka sani, domin duk ninkin 6 da ya wuce 6 mai rara ne. Ta saman ce ta fi ba ni sha'awa. Masu raba ta su ne 1, 2, 4, 8, har zuwa 2^30, kuma in ka tara su za ka sami 2,147,483,647 daidai. Wato giɓinta ɗaya tak ne, kuma jimlar masu raba ta ita ce lambar da kake tambaya.

Wannan tarawar ce ta haɗa lambobin Mersenne da kamilai, kuma ita ce asalin abin da ya sa aka damu da su. Euclid ya nuna tun wajen shekara 300 kafin miladiyya cewa in ka tara 1, 2, 4, 8 har jimlar ta zama gagara-raba, sannan ka ninka jimlar da lambar ƙarshe, za ka sami kamila. 1+2 uku ne, 3 × 2 shida. 1+2+4 bakwai ne, 7 × 4 ashirin da takwas. Sai 31 × 16 = 496, sai 127 × 64 = 8,128. Euler ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk kamilar da ke cika, wato wadda 2 ke rabawa, ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Ko akwai kamila mara, har yau ba wanda ya samo, ba kuma wanda ya tabbatar babu. Tamu tana haifar da kamila ta takwas: 2,147,483,647 × 1,073,741,824 = 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 Peter Barlow, wani masanin lissafi na Ingila, ya rubuta cewa da wuya a taɓa samo wadda ta fi ta, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa. Hasashen nasa bai tabbata ba.

Sauran ajujuwan a gurguje. Ba tagwai ba ce, wato ba ta da 'yar'uwa gagara-raba da biyu ke tsakaninsu, domin ta ƙasa da biyu ta ƙare da 5, ta sama da biyu kuma 3 × 715,827,883 ce. In ka raba ta da 8 saura 7, kuma duk lamba mai wannan saura ba ta haɗuwa daga murabba'i biyu ko uku, sai huɗu, kamar yadda 7 take 4+1+1+1 (murabba'i shi ne abin da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar 1, 4, 9). Huɗu kuwa suna isar kowace lamba, Lagrange ya tabbatar da haka a 1770.

Sai matsalar manhajarka. Nau'in lambar da kake amfani da shi yana da gurbi 32, kowane gurbi sifili ko ɗaya. Gurbin farko na hagu shi ke nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Mafi girman abin da za su ɗauka shi ne duk su cika da ɗaya, wato 2^31 − 1. In ka ƙara 1, sai abin ya yi kamar mitar mota da ta kai 999999 ta juye: duk ɗayoyin su koma sifili, abin da aka riƙe a hannu ya faɗa gurbin alama, kwamfuta ta karanta −2,147,483,648. A cikin harsunan rubuta manhaja, Java haka take yi kai tsaye. A C ma ba a yi maka alkawarin abin da zai faru ba. Python kuwa tana faɗaɗa wurin da kanta, shi ya sa masu fara koyo da ita ba sa haɗuwa da wannan.

Ka lura, zamanta gagara-raba ba shi da hannu a nan ko kaɗan. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, wato 7 × 31 × 151. Iyakar gurbi 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, kuma tunda 63 tana rabuwa, 7 da 73 da 127 duk suna raba ta. Dacewa ce kawai aka yi 32 ban da ɗaya ta faɗa kan 31.

Ba kai kaɗai ta kama ba. A Disambar 2014 YouTube ya sanar cewa ya mai da ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya kai wannan iyaka. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni game da Boeing 787, cewa in na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wani ma'aunin ciki zai cika su ɗauke wuta. Ka raba daƙiƙa gida ɗari ka ƙirga 2^31 daga cikinsu, za ka sami kwana 248 da rabi. Wannan 248 ba ruwanta da ta Euler, kamannin suna ne kawai. Akwai kuma wadda ke tafe. Tsarin Unix, wani tsarin gudanar da kwamfuta, yana ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu 1970, kuma daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta zo ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato huɗu da minti goma sha huɗu na asuba a Najeriya da Nijar. Duk na'urar da har lokacin take riƙe da gurbi 32 za ta ɗauka an koma 13 ga Disamba 1901.

A aikinka na yau da kullum wurare biyu ne za ta fi tare ka. In kana ajiye kuɗi a kwabo, gurbi 32 zai cika a naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da ciniki ɗaya ma kan iya wucewa. Ka yi amfani da gurbi 64. Lambar waya ta Najeriya kuwa, ko ka cire sifilin farko, biliyan bakwai ko takwas ko tara ce, ta riga ta wuce iyaka. Ita da lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa, masu alƙaluma goma sha ɗaya, a matsayin rubutu ake ajiye su, tunda ba wanda zai tara su ko ya ninka su.

Akwai dai wuri ɗaya da aikin Euler da na injiniyoyi suka haɗu da gaske. In ana son kwamfuta ta fitar da lambobi kamar na ƙuri'a, wata tsohuwar hanya ita ce ka ɗauki lamba, ka ninka ta da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ka riƙe saura, ka sake. Stephen Park da Keith Miller sun ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin ma'auni a 1988, kuma tana nan cikin C++ har yanzu. Saboda mai rabawar gagara-raba ce, kuma an zaɓi 16,807, wato 7 × 7 × 7 × 7 × 7, da kyau, jerin yana ratsa kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. A nan ana bukatar halayen biyu tare, ta shiga gurbi 32, kuma ta gagari rabawa. Kada dai ka yi amfani da ita wajen tsaro ko kalmar sirri, wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba.

Tunda kana rubuta manhaja, ka tabbatar da abin da Euler ya tabbatar da kanka, ta hanyar Lucas wadda D. H. Lehmer ya gyara a 1930. Ka fara da 4. A kowane mataki ka ninka lambar da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da 2^p − 1, ka riƙe saura. Ka yi haka sau p − 2. In ka ƙare da sifili, gagara-raba ce, in ba haka ba tana rabuwa. Ga misali da p = 5, inda mai rabawar 31 ce: daga 4 sai 14, sai 194 wadda saurarta 8, sai 62 wadda saurarta sifili. Mataki uku. Tamu mataki 29 kacal take bukata. Da wannan gwajin ne aka tabbatar da 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, wadda Luke Durant ya samo a Oktoban 2024 ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa kai masu neman lambobin Mersenne ta intanet, ta 52 da aka sani a jinsin. Ka sa lambobinka a gurbi 64, domin ninkin zai iya haura biliyan sau biliyan huɗu. In ta 31 ta ba ka sifili, ka gwada 23 da 29, bai kamata su ba ka ba.